Bizar aiki da tikitin komowa: yadda za ka shirya kafin ka isa filin jirgin Yamai

Adarawa ba baƙin tafiya ba ne. Tun zamanin kakanni ake barin Tawa, Keita, Buza, Illela da Madawa bayan an kai amfanin gona gida, a tafi bida Abijan, Legas, Kamaru, Libiya ko Aljeriya. Sai dai waccan tafiyar ta mota ce, babu mai tambayarka ranar komowa sai mahaifiyarka. Yanzu da samari ke samun kwantiragin shekara biyu a Saudiyya, Dubai, Katar ko Turkiyya, wasu ma har Faransa da Kanada, wata tambaya ta shigo wadda iyayenmu ba su san ta ba: in bizata ta aiki ce, dole sai na sayi tikitin zuwa da komowa, ko na zuwa kaɗai ya isa?

Wanda ke riƙe da bizar aiki ta gaskiya, mai dogon zama, galibin ƙasashe ba sa neman tikitin komowa a hannunsa. Wannan sharaɗi na baƙo ne: mai yawon buɗe ido, mai ziyara, mai Umra. Dalilin ma a fili yake. Kamfanonin jirgi ba sa sayar da kujerar da ta wuce shekara guda nan gaba, wasu ma wata goma sha ɗaya suke tsayawa, kuma tikiti na yau da kullum shekara ɗaya yake aiki daga ranar da aka fara tafiya da shi. Mai kwantiragin shekara biyu ko ya so sayen tikitin ranar gama aikinsa, babu shi a kasuwa. Duk da haka ana iya tsayar da kai a wurin awon kaya a kan wannan magana, jirgi ya tashi kana kallo. In hakan ta faru, ɗaya daga abu biyu ne: ko bizar da aka ba ka ba ta aiki ba ce, ko kuwa ta aikin ce amma ka kasa nuna hakan cikin ƴan mintocin da ka samu a gaban ma'aikaci.

Mataki na farko: karanta bizar da idonka

Kafin ka je wurin mai ajansi tambayar farashi, ɗauko bizar, ko manne take a cikin fasfo ko takarda ce da aka bugo maka. Idan ba ka iya karanta Larabci ko Turanci ba, nemi wanda ya iya, amma kada ya zama shi ne dillalin da ya samo maka ita. Abin da kake nema shi ne layin da aka rubuta irin bizar.

A ta Saudiyya, in an rubuta amal, ta aiki ce, kuma za ka ga sunan kafilinka, wato mutumin ko kamfanin da ya ɗauke ka, da sana'ar da aka ɗauke ka a kai. Da wannan ake shiga da tikitin zuwa kaɗai, sannan mai aikin ya fitar maka da igama, wato katin zama, cikin kwana 90. In kuwa an rubuta umra, ziyara ko siyaha, to kai baƙo ne. Za a nemi tikitin komowa, kuma ba ka da izinin yin aiki ko na yini ɗaya. A nan ne ake cutar mutanenmu da yawa. Dillali zai ce, "Ka shiga da ta Umra tukuna, can uban gidan zai juya maka ita, ka sayi na zuwa da komowa don dai a gani." Bizar Umra ba ta zama igama. Abin da ke biyo baya shi ne wa'adi ya ƙare, mutum ya koma zaman ɓoyo, ranar da aka kama shi a kai shi tarhil, wurin tsare waɗanda za a kora, a maido shi gida, ga bashin da ya ci don tafiyar yana jiransa. Ni a ganina, duk wanda aka yi wa alkawarin aikin shekara biyu sannan aka ce ya sayi tikitin komowa na wata ɗaya, ya tsaya nan ya sake bincike, don alama ce babba.

A Dubai da sauran masarautun Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ma'aikaci yana shiga ne da takardar izinin shiga don aiki wadda kamfanin ya nema masa, yana da kwana 60 ya gama gwajin likita da katin shaida da takardar zama. Shi ma tikitin zuwa ya ishe shi. Mai bizar ziyara ta kwana 30 ko 60 kuwa ana neman tikitin komowarsa, ana iya tambayarsa masauki da kuɗin guzuri. Gaskiya ne can ana iya canza matsayi in mutum ya samu kamfanin da ya ɗauke shi, amma kafin a canza ɗin baƙo ne shi, aiki haramun ne a kansa, kuma in wa'adi ya wuce tarar dirhami 50 ke hawa kansa kowace rana.

A ƙasashen Turai na yankin Shengen harafi ɗaya ne ke raba gardama. C bizar gajeren zama ce, kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma mai ita sai ya nuna yadda zai koma. D ita ce ta dogon zama. A ta Faransa, can ƙasa wurin ƙarin bayani, za ka ga an rubuta salarié in kwantiraginka marar wa'adi ne, ko travailleur temporaire in mai wa'adi ne. Mai D ba a ɗora masa sharaɗin tikitin komowa. A tuna cewa ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a watan Janairun 2024, Air France kuma ta dakatar da zuwa tun 2023, don haka mai wannan hanya zai haɗa da canjin jirgi a wata ƙasa, abin da za mu zo kansa.

Kanada tata dabam ce kaɗan. Abin da ake ba ka kafin tafiya biza ce a fasfo da wasiƙar gabatarwa. Wasiƙar ba ita ce izinin aikin ba, sai ka sauka jami'in filin jirgi zai bugo maka shi. Tikitin komowa ba ya cikin sharuɗɗan, amma jami'in yana da ikon tambayarka har ya gamsu cewa za ka fita in wa'adinka ya cika.

Inda maganar ke juyawa shi ne gajeren aiki. Wanda kamfani ya tura horo na wata biyu, ko mai aikin ɗan lokaci da bai kai kwana 90 ba, sau da yawa bizar gajeren zama ake ba shi ko da an ambaci aiki a ciki. Shi ya sayi na zuwa da komowa, babu wani dogon tunani. Haka mai hawa jirgi zuwa Abijan ko Akara. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar kuma ta sanar cewa za a ci gaba da barin ƴan ƙasashen da suka fita su shiga ba biza har sai ta ce akasin haka. To amma rashin biza yana nufin babu wani abu a fasfonka da ke nuna mazauni ne kai. Idan kana da katin zama na can ko kwantiragi, riƙe shi a hannu in tikitin zuwa kaɗai ka saya.

Mataki na biyu: fahimci wanda zai fara tambayarka

Mutane da yawa suna zaton jami'in can ƙasar ne abin tsoro. A aikace, wanda ya fi tsananta wannan tambaya shi ne ma'aikacin kamfanin jirgi a nan filin Diori Hamani, kuma ba mugunta ba ce. A ƙa'idar sufurin jiragen sama da ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, kamfanin da ya kai fasinja aka ƙi karɓarsa shi ke da alhakin ɗauke shi ya maido. Bayan wannan akwai tara. Faransa tana iya cin kamfani har yuro 10,000 kan fasinja ɗaya da ya zo ba cikakkun takardu, wato sama da sefa miliyan shida da rabi. Ingila fam 2,000 take ci. Ma'aikacin da ya sa hannu ya bar ka ka wuce shi za a fara tuhuma, don haka in ya yi shakka, hana ka ya fi masa sauƙi.

Ba da ka yake aiki ba. Akwai wani rumbun bayanai mai suna Timatic, na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya IATA, wanda yake buɗewa a kwamfutarsa. Yana shigar da ƙasar fasfonka, inda za ka, inda za ka yada zango, sai ya fito masa da sharuɗɗa. Ga ƙasashe da yawa akwai layin da ke cewa baƙi su riƙe tikitin komowa ko na wucewa gaba, sai a ƙarƙashinsa a jero waɗanda aka ɗauke wa, irin su mazauna da masu izinin aiki. Ma'aikacin da layi ya yi masa tsawo yana iya karanta na sama ya tsaya. Aikinka shi ne ka san na ƙasan yana nan.

Hanya biyu ce. IATA tana da shafi a intanet inda matafiyi ke iya duba waɗannan sharuɗɗa da kansa. Wadda ta fi ƙarfi kuma ita ce ka je ofishin kamfanin jirgin a Yamai da fasfonka da bizarka, kwanaki kafin tafiya, ka ce a duba maka ko za a ɗauke ka da tikitin zuwa kaɗai. In sun ce e, roƙe su su buga maka shafin, ko su rubuta bayanin a cikin rajistar tafiyarka yadda na filin jirgi zai gani. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kana Tawa ba ka da halin zuwa, ɗan'uwa da ke Yamai zai iya kai musu kwafin takardun.

Mataki na uku: nemi komowarka a cikin kwantiragi

Wannan shi ne wurin da na fi son mai karatu ya daɗe. Tikitin da za a nuna a filin jirgi matsalar dare ɗaya ce. Wanda zai biya kuɗin maido ka gida in aiki ya ƙare, ko ya lalace, ita ce matsalar da ke iya riƙe mutum watanni a ƙasar da ba tasa ba.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya, a sashe na 40, ta ɗora wa mai aiki kuɗin ɗauko ma'aikaci, kuɗin igama da izinin aiki da sabunta su, kuɗin bizar fita da komowa, da tikitin mayar da shi ƙasarsa in alaƙarsu ta ƙare. Amma sashen ya ƙara da cewa ma'aikaci shi zai biya wa kansa in an same shi bai dace da aikin ba, ko in ya so komawa ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba. Wato wanda ya je ya ga aikin ya fi ƙarfinsa ya ce gida zai tafi bayan wata uku, daga aljihunsa za ta fito. Masu aikin gida, direbobin gida da makamantansu ba sa ƙarƙashin wannan doka, nasu tsarin dabam ne, ta dandalin Musaned ake ƙulla kwantiraginsu. A Daular Larabawa, dokar ƙwadago mai lamba 33 ta 2021 ita ma ta ɗora kuɗin mayarwa kan mai aiki, sai in ma'aikacin ya koma wani kamfani ko shi ne sanadin rabuwar. Katar tana da irin wannan tanadi a dokarta mai lamba 14 ta 2004. A Kanada, kamfanin da ya ɗauki baƙon ma'aikaci a rukunin masu ƙaramin albashi dole ya biya masa zuwa da komowa, kuma ba shi da ikon cire kuɗin daga albashinsa.

Doka tana nan, amma abin da ke rubuce a takardar da ka sa wa hannu shi za ka fi saurin kamawa. Duba wa zai biya tikitin zuwa, kuma in kamfani ne, ko an ce za a riƙa yankar kuɗin daga albashi. Duba inda aka ce za a mayar da kai. Wasu kwantiragin cewa suke "inda aka ɗauko shi", to in ta Kano ko Kwatano ka tashi, can za a sauke ka, sauran hanyar taka ce. Ka nemi a rubuta Yamai. Duba tikitin hutu, don shi magana ce ta kwantiragi: wani kamfani duk shekara yake bayarwa, wani sai bayan shekara biyu, wani ko kaɗan. Sannan duba abin da aka ce game da lokacin gwaji, watannin farko da kowane ɓangare ke iya janyewa. Idan kwantiragin da Larabci ne da wani harshe a gefe, a kotun Saudiyya na Larabcin ake bi, don haka shi za a karanta maka. Kuma ba laifi ka bi ta ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi, ka tambaya ko sun san ajansin da ke ɗaukar ka.

Ko da kwantiragi ya yi kyau, shawarata ita ce albashin watannin farko kada a turo shi gida kaf. Na san nauyin da ke kai, ga bashi ga masu jira. Amma ka ware kuɗin tikitin zuwa Yamai ka ajiye inda hannunka kaɗai ke kaiwa. Rasuwa ba ta jiran ƙarshen kwantiragi, kuma kamfanin da ya durƙushe ba ya sayen tikiti ko doka ta ce ya saya.

Mataki na huɗu: sayen tikitin

Kada ka biya kuɗin tikiti kafin biza ta fito. In ofishin jakadanci ya nemi shaidar tafiya a cikin takardun nema, kamun kujera ya isa, mai ajansi zai yi maka da ɗan kuɗi kaɗan. In biza ta fito, duba ranar ƙarshe da aka ba ka ta shiga, ka zaɓi rana da ta bar maka sarari ko da jirgi ya ɗaga.

Sa mai ajansi ya fito maka da farashi biyu, na zuwa kaɗai da na zuwa da komowa. Wani lokaci za ka sha mamaki, bambancin ba shi da yawa, har akan samu na zuwa kaɗai ya fi tsada. In haka ne, sayi mai komowa, ka sa ranar komowar can nesa daidai lokacin da kake sa ran hutu, ka huta da gardamar filin jirgi gaba ɗaya. Sai dai ka tambayi abu uku kafin ka biya: iyakar zaman da farashin ya yarda da shi, don masu araha wasu wata ɗaya ne ko uku, kuɗin canza rana, da abin da za a maido maka in ba ka yi amfani da komowar ba, wanda galibi wani ɓangare ne na haraji kawai. Abin da ake kira biye a buɗe, wato tikitin da ba a sa masa ranar komowa ba, shi ma yana da ranar mutuwarsa, ba ya jiran shekara biyu. Kuma ka riƙe wannan: in ka rasa jirgin zuwa ba ka sanar ba, kamfani yakan soke sauran tafiyar duka har da komowar.

In bambancin farashin babba ne kuma bizarka ta aiki ce tsaf, sayi na zuwa kaɗai.

Yanzu duba takardar da aka miƙo maka. Akwai lambar kamun kujera mai haruffa da lambobi shida. Wannan ba ta nuna an biya. Tikitin da aka biya yana da wata lamba mai alƙaluma 13, ukun farko na kamfanin ne: Ethiopian Airlines 071, Turkish Airlines 235, Royal Air Maroc 147. Idan babu wannan doguwar lamba, kujera kawai aka kama maka, kuma tana iya faɗuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Shiga shafin kamfanin a wayarka, ka sa lambar nan mai shida da sunanka, ka ga tafiyar da idonka. Ka duba rubutun suna harafi da harafi. Mu nan suna ɗaya yana da rubutu biyu ko uku: Mahamadou, Mohamed, Mamane, ko Aboubacar, Boubacar. Wanda ke cikin fasfo shi ne zai kasance a biza, a kwantiragi da tikiti.

Akwai masu buga tikitin komowa na bogi a kwamfuta su sayar wa matafiya. Kada ka kusance shi. Ma'aikaci yana iya duba lambar nan take, kuma mutumin da takardunsa ke da kyau sai ya mayar da kansa mai takardar jabu a kan abin da ba a ma wajabta masa ba.

Sai maganar hanya. Daga Yamai galibi za ka canza jirgi a Istambul, Adis Ababa, Kazablanka ko Lome. Ka tabbata tafiyar duka a tikiti ɗaya take, kayanka su wuce kai tsaye, kai kuma ka zauna a zauren masu jiran canji. In aka haɗa maka tikiti biyu dabam-dabam don araha, to a idon kamfanin farko tafiyarka ta ƙare a garin tsakiya, sai ya nemi bizar wannan ƙasa da tikitin fita daga cikinta, kuma kana iya buƙatar fita ka ɗauki kaya ka sake awo. Ƴan'uwanmu masu fasfon Najeriya ko Gana da ke zaune a nan su ƙara lura: ko canjin jirgi kawai za su yi a filin wata ƙasar Shengen, ana neman bizar yada zango a wurinsu, sai in suna cikin waɗanda aka ɗauke wa, kamar mai riƙe da bizar Shengen ɗin kanta.

Mataki na biyar: abin da zai kasance a hannunka

Fasfo mai sauran aƙalla wata shida, bizar a buge kan takarda ko da tana cikin waya, kwantiragi, wasiƙar kamfanin da adireshinsa da lambar wanda zai tarbe ka, da katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Allurar tana fara aiki a takarda kwana 10 bayan an yi ta, kuma tun 2016 hukumar lafiya ta duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Duk waɗannan a jakar hannu, ba cikin akwatin da za a auna ba. Ɗauki hotonsu ka tura wa wani na gida.

Mataki na shida: daren tafiya

Daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Kada ka hau kar ranar da jirginka zai tashi. Ka iso da kwana biyu, ranar aiki, yadda in wata takarda ta samu matsala ofisoshi na buɗe. Jirage da dama cikin dare suke tashi, kuma nan ake yin wani kuskure mai ciwo: in an rubuta ƙarfe 01:30 ranar Talata, daren Litinin za ka je filin jirgi, ba daren Talata ba. Ka isa da awa uku.

Ga ka gaban tebur. Ma'aikaciya ta buɗe fasfo, ta duba kwamfuta, ta ɗago kai.

"Malam, ina biyenka na komowa?"

"Hajiya, bizar aiki ce gare ni, ga ta. Ga kwantiragin, shekara biyu ne. Kamfanin ne zai maido ni, yana rubuce a wannan shafi."

Ka miƙa takardun a buɗe daidai wurin, kada ka tura mata tulin takardu ta yi ta nema. In ta ce duk da haka sai da shi, ka ce cikin ladabi, "Don Allah a duba mini wurin waɗanda aka ɗauke wa sharaɗin," ka nuna shafin da ofishinsu ya buga maka. In ba ta gamsu ba, ka roƙi a kira shugabansu na filin, wanda suke kira shef deskal, don shi ke da ikon yanke magana ko tuntuɓar can. Ɗaga murya ba ya buɗe wannan ƙofa, ƴan rakiya ma gara su tsaya waje.

In an kafe, saura hanya biyu, kuma lokaci na tafiya, don ana rufe awo kamar awa ɗaya kafin tashi. Ta farko, ka sayi tikitin komowa nan take, irin wanda ake maido kuɗinsa cikakke, in ka isa ka samu katin zama ka soke shi. Ya fi tsada, kuma sai an karanta sharaɗin maidowar da kyau kafin a biya, shi ya sa yana da kyau mai ajansinka ya san daren tafiyarka ya bar wayarsa a kunne, kai kuma kana da kuɗin da za ka iya taɓawa. Ta biyu, ka sa a ɗaga maka tafiyar zuwa wata rana kafin a rufe, don kada a rubuta ka cikin waɗanda ba su zo ba, ka kuma nemi a rubuta maka dalilin hanawar. Da wannan takarda kamfanin da ya ɗauke ka zai iya sa baki.

Bayan awo akwai ƴan sandan kan iyaka, su ma suna iya tambayar inda za ka da abin da za ka yi. Takardun dai su ne. Haka jami'in can: sunan kamfani, aikin da za ka yi, inda za ka sauka. Ka san waɗannan da ka, amsarka ta yi daidai da abin da ke rubuce.

Bayan ka isa

Tikitin zuwa kaɗai ya dogara ne kan cewa za ka zama mazauni, to sai ka bi takardar zaman har ta fito. A Faransa, mai bizar dogon zama da ke matsayin katin zama dole ya tabbatar da ita a intanet cikin wata uku da isowa, in ya bari ya wuce ya fita daga ƙa'ida. A Saudiyya ka riƙa bin maganar igama, in ta fito ka buɗe Absher, manhajar gwamnatinsu, a wayarka, nan za ka riƙa ganin matsayinka. Fasfonka naka ne, ka bar shi a hannunka.

Ranar da hutu ya zo, lissafin ya juya: yanzu tikitin zuwa Yamai da komawa can za ka saya, kuma abin da ma'aikacin filin Diori Hamani zai duba shi ne ko har yanzu kana da ikon shiga. Mai aiki a Saudiyya sai da bizar fita da komowa, huruj wa auda, wadda ke da ranar ƙarewa, kuma ita dabam ce da huruj niha'i, fitar da ba komowa. Ka duba wadda aka buga maka kafin ka hau jirgi. A Daular Larabawa, takardar zama ta ma'aikaci tana faɗuwa in ya yi fiye da wata shida a waje. A Faransa, rasit ɗin neman katin zama na karon farko ba ya ba ka damar sake shiga in ka fita. Wanda ya zo bikin aure ko ta'aziyya Tawa, dangi suka ce ya ƙara sati biyu, ya fara duba waɗannan ranaku kafin ya amsa.

In kuma maiɗakinka ko mahaifiyarka za ta zo ganinka, bizarka ba ta rufe ta. Mai zuwa da bizar ziyara baƙuwa ce, tikitin zuwa da komowa za a saya mata, ranar komowar kuma ta faɗo cikin wa'adin bizar. Sai in ka nema wa iyalinka takardar zama a ƙarƙashinka ne za su iya tahowa da na zuwa kaɗai, kuma su ma a kai takardunsu ofishin kamfanin jirgin a duba kafin ranar.